Bayan Dashen Ido, Kowa Na Yabon Haƙurina

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai yanzu idona ya yarda, shi ma da manyan baƙaƙe kuma a zama da yawa.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Harobanda, hayin kogi a nan Yamai. Iyayena mutanen Maraɗi ne, aiki ya kawo ni, aure ya zaunar da ni. A shekarun da nake magana a kansu ajin ƙanana nake riƙe da shi, waɗanda ake kama wa hannu a koya musu riƙon alli. Mace ce ni mai kazar-kazar, ba na iya zama wuri ɗaya, daga lakwal sai kasuwa, daga kasuwa sai gidan suna ko biki. Maigidana akasina ne, mutum ne mai shiru-shiru, ma'aikacin gwamnati, da sassafe yake haye gada ya tafi aiki cikin gari, ba ya dawowa sai an yi magariba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne da ido ɗaya nake duk wannan zirga-zirga. Na hagu ƙyanda ta raunana shi tun ina ƙarama, haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Da na dama na yi karatu, da shi nake duba littattafan yara, da shi nake zura zare a allura, kuma ban taɓa zama na yi tunanin ranar da zai gaza ba.

Wata ranar sharar harabar lakwal, gab da faɗuwar damina, na ja wani reshen ƙaya da ya sauko kan hanyar da yara ke bi, ina so in karya shi. Ya kuɓuce daga hannuna ya dawo ya fyaɗe ni a fuska. Na ji zafi a idon dama, na wanke da ruwa, na ci gaba da aikina. Washegari na je ƙaramin asibitin unguwa aka ba ni maganin ɗigawa. Ido bai lafa ba, sai ja da ruwa da wani ciwo mai huda har cikin kai. Kafin in kai ga asibitin ido gyambo ya riga ya kama baƙin idon. Aka yi wata da watanni ana magani. Gyambon ya warke, amma ya bar hakiya fara fat a tsakiya, daidai inda gani ke shiga. Na koma lakwal ina lalube. Direktanmu, Allah ya saka masa, bai so a sallame ni ba, sai ya ba wata malama ajina, ni kuma aka aje mini kujera a ofis. Ina zaune ina jiyo yarana ta taga suna maimaita karatu bayan wata muryar.

Lokotoron da ke duba ni a asibitin ido mace ce, ba ta da yawan magana. Ita ta yi mini bayani cewa a gaban baƙin ido akwai wata siririyar fata garai-garai kamar gilashin agogo, tawa ce ta yi tabo, kuma ana iya yanke ta a ɗinka wata a madadinta. Ta ce ba idon duka ake canzawa ba. Fatar daga ƙasar waje ake kawo ta, daga mutanen da suka bar wasiyya a amfana da idanunsu bayan sun rasu, kuma akwai ƙwararrun da kan zo lokaci-lokaci su yi aikin tare da su a nan. Sai dai jira. Na jira har na fara cire rai, sai ranar nan aka kira maigidana a salula aka ce a kawo ni. Innata ta taso daga Maraɗi a motar safe. Kafin ta yarda sai da ta sa aka tambayi malami ko ya halatta a sa wa mai rai naman mamaci, ya ce ya halatta tunda magani ne kuma da yardar mai shi. Duk da haka na jiyo ta tana tambayar maigidana ƙasa-ƙasa ko idon zai koma irin na Nasara.

Kafin aikin lokotoro ta zaunar da ni ta gaya mini abubuwa da yawa. Ta ce kada in sa ran gani da an kwance bandeji, abin sai a hankali, zai iya ɗaukar shekara ko fiye, don zaren ɗinkin ma ba a cire shi da wuri. Ta ce jiki yana iya ƙin baƙon abu ko da an daɗe, saboda haka in na ga ido ya yi ja, ko yana ciwo, ko haske na damunsa, ko gani ya ragu, in zo a ranar, kada in kwana. Na yi ta cewa to. Kunnena ya ji, amma zuciyata ta riga ta koma aji. Har na zaɓi zanen da zan ɗaura ranar komawa.

Aikin kansa ban san komai a kai ba, an sa ni barci, na farka da ido a naɗe. Da safe aka kwance. Na buɗe a hankali kamar yadda aka ce. Abin da na gani kamar an zuba ruwan wankin shinkafa a kwano an ce in leƙa ƙasansa. Akwai haske, akwai wani abu fari yana motsi, na san rigar lokotoro ce don daga nan muryarta ke fitowa. Ta duba da na'urarta ta ce aiki ya yi kyau ƙwarai, dashen ya zauna. Na ce alhamdu lillahi, don shi ake cewa.

Da aka sallame ni na tarar gida cike. Ƴan uwa daga unguwannin Dar es Salam da Koira Kano, malaman lakwal ɗinmu, matan unguwa, masu cewa sannu da masu cewa fofo da Zabarmanci, an dafa dambu an yanka kaji. Labari ya bazu cewa an sa wa Madam sabon ido. Tun ban zauna ba wata ta tsaya gabana tana tambaya ko na gane ta. Na gane ta, da murya. Wani ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Na ce ban gani ba. Ya matso ya sake ɗagawa, na ce ban gani ba. Sai aka fara cewa a hankali dai, sai haƙuri, Allah ya sa kaffara ne. Na ji ana tattara kwanoni, ana neman takalma a bakin ƙofa. Inna ta shige uwar ɗaki ta daɗe, da ta fito muryarta ta canza. Ni kuwa na zauna kan kujera ina jiran kuka ya zo, don na san nan ne wurinsa. Bai zo ba. Na jira baƙin ciki, shi ma bai zo ba. Kun san yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani. Haka cikina ya koma tun daga wannan yini, kuma ya daɗe a haka.

Jinyar dashe doka ce a kan doka. Ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba shiga madafa saboda hayaƙi, ba murza ido komai ƙaiƙayinsa. Salla a zaune da nuni. In zan kwanta a manna mini wani murfin roba a kan idon, in zan fita tsakar gida in sa baƙin tabarau. Maganin ɗigawa kala-kala, kowanne da lokacinsa, Inna ce ke riƙe da su cikin wani ɗan kwano mai murfi. Sai ta ce, "Ɗaga kai, ɗiyata," in ɗaga, ta ɗiga, in rufe. Randebu kuwa, wato komawa asibiti a duba ni, ba ya ƙarewa. Mu shiga taksi mu haye gada, mu zauna a benci, a kira ni, in ɗora haɓa kan na'ura, a haska, a ce yana kyau, mu dawo. Na bi duk abin da aka ce ba musu, ni da a da ko ƙwayar ciwon kai sai an yi daru da ni kafin in haɗiye.

Wannan shi ya ruɗi kowa. Mutane suka fara yabon haƙurina. Masu zuwa dubiya su fita suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irina ba, ko uffan ba ta cewa. Wata ƙawata har misali take bugawa da ni a gidajen marasa lafiya. Inna na alfahari da ni in tana waya da mutanen gida. Maigidana, da ya saba da faɗana, ya ɗauka ciwo ne ya sa na yi sanyi, har yana jin daɗin zaman lafiyar gidan, shi ya gaya mini haka da bakinsa daga baya, yana jin kunya. Ba wanda ya gane ba haƙuri nake yi ba. Mai haƙuri yana jin zafi ne ya danne, ni kuwa ba abin da nake dannewa. Aka aiko cewa ƙanwata ta haihu, na ce barka. Aka aiko cewa gwaggona da ta yi renona ta rasu, na ce Allah ya jiƙanta, kuma da murya ɗaya na faɗi duka biyun. Ƴaƴana na cikina su dawo daga lakwal su zauna kusa da ni suna ba ni labari, ina jinsu kamar rediyon maƙwabta. Abinci in an ba ni in ci, in an manta ba na tambaya. Ko a salla bakina ne kawai ke karatu. Ban yi fushi da Allah ba, ban kuma roƙe shi komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna.

Abin mamaki, a cikin watannin nan idon yana ta gyaruwa. Farin ruwan nan ya fara washewa. Na fara ganin bakin ƙofa, sai buta, sai zanen da ke jikin Inna, har wata rana na lura ganyaye ne a jikinsa, kore da ruwan ɗorawa. Na gani, na san na gani, na san abin da na yi ta jira ke nan. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗi a ciki ba. Sai a asibiti da aka nuna mini allon baƙaƙe na karanta manyan na sama, Inna ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin lokotoro, ni kuma ina tunanin ko taksin da za mu samu zai bi ta kasuwa.

A nan zan kawo maganar maƙwabciyarmu, wadda duk unguwa ke kira Tanti. Dattijuwa ce, Kirista, mutuniyar Dogon Dutsi, mijinta ya rasu da daɗewa, ƴaƴanta sun watsu wuraren aiki. Katanga ɗaya ta raba mu. A da gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ɗan abincin salla da na Kirsimeti da muke miƙa wa juna. Ranar da gida ya cika ba ta shigo ba. Sai da ƙafa ta ɗauke ta fara zuwa da hantsi, ɗauke da damin zogale daga lambunan bakin kogi, don kopto, wato kwaɗon zogale, take yi tana sayarwa. Ta ce hannayenta sun fara ciwo, tana neman mai taya ta tsinkar ganye, aikin kuma ba ya buƙatar ido. Ta aje mini tire a cinya. Tanti ba ta taɓa tambayata ya idon ba, ba ta taɓa ɗaga mini yatsu ba, yabon haƙurin nan ma ban taɓa jinsa a bakinta ba. Mu yi ta tsinka, tana ba ni labarin garinsu ko tsadar ƙuli-ƙuli, ko ta yi ta rera waƙar majami'arsu ƙasa-ƙasa. In mun gama ta kwashe ta ce sai gobe.

Da damina ta zagayo Babana ya kwanta ciwo a Maraɗi, dole Inna ta koma. Ta tafi hankalinta kwance, don lokotoro ta rage magunguna, randebu ya yi nisa da juna, ni kuma kowa ya shaida ba ni da matsala. Ta damƙa mini kwanon magani. Ina ɗigawa in na samu kaina na ɗiga. Wani lokaci in ga lokaci ya yi, kwanon na nan kusa da hannuna, in yi ta kallonsa har lokacin ya wuce. Ban san yadda zan bayyana wa mai lafiya wannan ba. Ban manta ba, ina sane sarai. Tsakanin hannuna da kwanon ne ya yi mini nisa.

Sai wata safiya na tashi idon na yi mini nauyi. Na fito tsakar gida, hasken rana ya soke ni kamar allura, ruwa ya fara zuba. Bakin ƙofar da na saba gani ya koma dishi-dishi. Maganar lokotoro ta dawo mini tiryan-tiryan, ja, ciwo, haske, raguwar gani, ki zo a ranar. Na bi su a raina na ga duk sun cika. Na ce a zuciyata, to, ga shi ya zo. Na ɗauki baƙin tabarau na sa, na koma kujerata, kamar wadda aka ce wa rufin gidan wasu a wata unguwa yana yoyo. Maigida ya dawo bayan magariba a gajiye, ya tambaye ni ya jiki, na ce da sauƙi. Tabarau ya riga ya zama kamar fatar fuskata, ba wanda ya yi mamakin ganinsa. Aka kwana, aka sake kwana, aka ƙara. A kwanakin Tanti ba ta gari, ta tafi biki garinsu.

Ranar da ta dawo ta shigo da zogalenta kamar kullum. Mun fara tsinka ke nan ta lura na juya wa ƙofa baya, ni da kullum nake fuskantarta, kuma ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau ta gefe ɗaya kawai. Sai na ji hannunta mai warin ganye a fuskata, ta zare tabaraun. Ta duba idon. Sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na ce an kwana biyu. Ta ce in tashi mu tafi asibiti. Na ce a bari sai gobe, maigida ba ya nan, ban yi wanka ba, ga zogale ba mu gama ba.

"Ba shawara nike yi da ke ba," in ji ta. "Ina takalminki?"

Ta ɗauko mayafina ta yafa mini, ta durƙusa ta sa mini takalmi da hannunta, ta ja ni har bakin titi. Tiren zogalen a tsakar gida ta bar shi, kaji suka watsar. A taksi ta karɓi salulata ta kira maigidana, na ji tana ce masa ya bar duk abin da yake yi ya same mu. A kan gada motoci suka cushe, wani raƙumi da kayan tabarmi ya tare hanya. Tanti na ta yi wa direba magana da Zabarmanci tana haɗawa da Hausa, tana roƙon Allah a bayyane. Ni ina zaune rufe da ido ina jin iskar kogi, ina tunanin wai me ya tada mata hankali haka.

Lokotoro ta bar layin da ke jiranta ta shigar da ni. Ta daɗe tana haskawa. Ta ce jikina ya fara yaƙar dashen, ya kumbura ya dushe, kuma ba za ta yi mini alkawarin za a cece shi ba. Ta tambayi ranar da ya fara, na faɗa mata gaskiya. Ta tambayi maganin, shi ma na faɗa. Na jira ta yi faɗa. Sai ta tura na'urar gefe ta jawo kujerarta kusa da ni har gwiwarmu na haɗuwa. Ta tambaye ni ko ina barci, ko abinci na yi mini daɗi, ko akwai wani abu da nake ɗokin zuwansa. Daga ƙarshe ta ce, "Madam, yaushe rabonki da kuka, ko dariya?" Na yi tunani na ce tun kafin aiki. Ta ce wannan ma ciwo ne, yana da suna yana da magani, yakan kama mutane bayan doguwar jinya, kuma ita ma ya kamata ta lura tuntuni. Tun da aka fara wannan jinya ita ce ta fara yi mini tambayar da ba ta ido ba.

Aka kwantar da ni. Aka yi mini allura a gefen idon, aka sa magani kowace sa'a ba dare ba rana. Maigidana ya iso da kayan aiki a jikinsa. Da aka yi masa bayani ya fita baranda, Tanti ta ce mini a ƙasa ya zauna, mutumin da ko a gida ba ya zama ƙasa da wandon aiki. Da ya shigo ya tsaya bakin gado ya ce, "Kullum ina tambayarki. Kullum kina cewa da sauƙi." Muryarsa na rawa. Na san ya kamata in ji wani abu, mijina ne, uban ƴaƴana, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na ce masa ya yi haƙuri. Ko a lokacin ban ji komai ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce na ji ba.

Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Da muka koma gida shi ya karɓi kwanon magani, ya sa ƙararrawa a salularsa. Bai iya ɗigawa ba da farko, rabi a kumatuna yake zubawa. Ya daina tambayata ya jiki, sai ya zare tabaraun da kansa kowace safiya ya kai ni bakin taga ya duba. Ya kuma riƙa raka ni wurin wani lokotoro da aka tura ni, mai kula da ciwon damuwa. Wannan ma sai da aka sha magana a dangi. Wasu suka ce ai can wurin mahaukata ne, wasu suka ce wani abu ne ya biyo idon mamacin, a nemi masu ruƙiyya. Inna ta kira tana kuka tana cewa ita lafiya lau ta baro ɗiyarta. Maigidana, mai shiru-shirun nan, ya ce da su addu'a muna so kuma muna godiya, amma asibiti ba fashi. Ana ba ni magani, ana kuma zaunar da ni a yi ta hira, wani lokaci in yi shiru har lokacin ya ƙare, a ce in dawo, in dawo.

Allah ya taimaka dashen bai mutu ba. Kumburin ya sauka a hankali, amma idon bai koma yadda yake kafin waɗancan kwanaki ba. Akwai wani gefe da ya dushe har yau, kamar an shafa yatsa mai maiƙo a gilashi. Lokotoro ta ce da na zo a ranar farko da wuya ya bar wannan tabon. Ba ita ta kawo maganar ba, ni na tambaya.

Mutane kan so in ce akwai ranar da na buɗe ido na ga fuskar ƴaƴana na fashe da kuka. Babu wannan ranar. Abin da ya fara dawo mini fushi ne, kuma a kan abin banza. Wata rana na shiga madafa, bayan an yarda in riƙa shiga, na tarar an yi ta kwasar miya da ludayin furata har ya tsage. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na yi faɗa, na haɗa da wanda ya yi da wanda bai yi ba. Tanti ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya, maigidana ya ce mata lafiya lau, faɗa ake yi, da murya irin ta mai ba da albishir. Bayan wannan ma na sake komawa shiru na kwanaki. Abin yana zuwa yana tafiya. Kukan gwaggona sai da ta daɗe a ƙasa na yi shi, ina tsakar shanya wanki, har aka fito ana tambayata wa ya rasu.

Yanzu an fara cire zaren ɗaya bayan ɗaya, an yanka mini tabarau na wucin gadi. Ina gane fuska in mutum ya matso, ina tafiya lakwal ni kaɗai, ina karanta manyan baƙaƙe. Ba a mayar mini da aji ba tukuna, ina taimaka wa yaran da karatu ya yi wa nauyi, kaɗan-kaɗan, a ƙarƙashin rumfa. Lokotoro ta ce in an gama cire zare aka yanka tabarau na gaskiya gani zai iya ƙaruwa, zai kuma iya tsayawa nan, kuma dashen da jiki ya taɓa yaƙa sai an yi ta lura da shi, wata rana ma a sake wani. Ina sa rai, amma sa raina na yanzu ƙarami ne. Wasu ranakun ina jinsa a ƙirjina, wasu ranakun sani kawai nake yi cewa ya kamata in sa. Nakan tuna mutumin da ya bar mini wannan fata, ban san ko mace ce ko namiji ba, ban san ƙasarsa ba balle addininsa. Na kusa rasa kyautarsa ina zaune a kujera ina kallo. Wannan tunanin yana yi mini ciwo, lokotoron damuwa kuma ya ce jin ciwon ma ci gaba ne.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Duk wanda za a yi wa dashe, ko wani aikin ido, ya saurari abin da ake gaya masa da kyau tun kafin a shiga da shi, ya san ranar kwance bandeji ba ita ce ranar gani ba. In ido ya yi ja, ko ya fara ciwo, ko haske na damunsa, ko gani ya ja baya, ya tafi asibiti a ranar, ko da ruwa ake yi. In kuwa ya ga alamun nan amma ya ji bai damu ba, to ya buɗe baki ya gaya wa wani wannan ɗin, don rashin damuwar ita kanta ciwo ce, kuma ni ita ta fi cutar da ni fiye da ƙayar. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah ku daina ɗaga wa mutum yatsu kuna jarraba shi gaban taro.

Amma babbar maganata ga mutanen gida ce, iyaye da miji da mata da ƴan uwa. Mun saba yabon marar lafiyan da ba ya ƙorafi, don ya fi sauƙin jinya. Nawa dangin ba wanda ya yi mini mugunta, duk ƙaunata suke yi, kuma a tsakiyarsu na kusa makancewa. In naku ya daina ƙorafi, ya daina tambaya, ya daina fushi da ɗoki, komai kuka ce sai ya ce da sauƙi, kada ku karɓi amsar daga bakin ƙofa ku juya. Ku shiga ku zauna, ku duba jikinsa da idonku, ku tambaye shi abin da ba na ciwon ba. Ni a lokacin ban iya neman taimako ba, don ban ma ji ina son a taimake ni ba. Akwai irina a gidaje da yawa, suna zaune shiru ana yi musu sannu ana wucewa. Wataƙila akwai ɗaya a gidanku yanzu haka.